Wasiƙar da Na Aika Gida daga Kandi

A Segbana aka raba ni da kekena. Shi ne garin farko da na yada zango bayan na ƙetare iyaka na shiga ƙasar Dahome, wadda yanzu ake kira Benin. Wanda ya jawo ni tafiyar, wani dillalin goro mai suna Ɗanjuma, ya ce in ba shi aron keken ya je ya shaida wa mai masaukinmu mun iso, ni kuma in jira shi a gindin wata ɗorawa. Kwana biyu na yi ina jira. A rana ta uku wata Bafillatana mai tallan nono, da ta gaji da ganina a wurin, ta dama mini fura ta miƙo, ta ce in mai keken nan nake jira, tun shekaranjiya aka gan shi ya miƙi hanyar arewa. Na sha furar, na yi mata godiya. Na nemi haushi a raina ban samu ba, sai dai na lura ƙafafuna sun fara tunanin nisan Kandi.

Shekara shida na yi ina koyarwa a wata 'yar elementare kusa da Kende, ba tare da takardar horon malanta ba. Da aka fara shirin mulkin kai sai aka turo masu takarda, mu kuma aka ce mu je gida mu huta, sai ka ce mun yi kukan gajiya. A nan ne Ɗanjuma ya same ni da labarin cewa Hausawan zangon Kandi suna neman wanda zai koya wa 'ya'yansu boko da Hausa, don su riƙa karanta wasiƙun da ake aiko musu daga gida. Na bar matata Rabi da 'yarmu Kulu, mai shekara goma, a hannun yayana Umaru. Kulu ce abin alfaharina a duniya. Ni na koyar da ita da kaina, kuma tana iya ɗaukar littafin karatu ta zuba shi daga bango zuwa bango, yatsanta na bin layi, ko numfashi ba ta tsayawa yi.

Wani direban motar auduga ya tsince ni a hanya, ƙafata ta yi bororo, ya ɗora ni a kan kaya bai tambaye ni komai ba. A Kandi na tarar a cikin duk abin da Ɗanjuma ya faɗa, maganar makarantar ce kaɗai gaskiya. Sarkin zango ya ba ni wani zaure da yara goma sha huɗu, gidaje kuma suka raba kwanakin ciyar da ni a tsakaninsu. Tuwonsu na masara ne, miyarsu ta sha barkono, kuma ko gaisuwa in na fita zango sai da alama, don ban jin Dendi, balle Faransanci. Kewar gida ba ta zo mini da kuka ba. Sai dai in wayi gari in ga na daɗe zaune da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

Aiki kuwa na kama shi yadda na saba. Littafi ɗaya gare ni. In ɗaga shi, in faɗi layi, yara su amsa gaba ɗaya, in sake, su sake, har layin ya zauna. Haruffa kuma mukan rera sunayensu irin na Turawa, e, bi, si, di, da tafi. Cikin wata biyu zauren nan har bakin kasuwa ake jin sa, iyaye na wucewa suna sa mini albarka. Daura da mu akwai wani tsoho Babarge da ake kira Baba Woru, wanda ya yi ritaya daga makarantar Faransawa, ƙafarsa ɗaya ta shanye. Yakan zauna a rumfarsa da yara biyar ko shida, ba ka jin komai sai 'yar ƙus-ƙus, kamar masu ƙulla gulma. Nakan dube su in ce a raina wannan tsoho barci yake koya musu.

Da damina ta kama, Gado ya zo. Mutumin wajenmu ne, mai kawo busasshen kifi daga bakin Kwara, kuma bakinsa bai taɓa riƙe magana ta kwana ba. Bayan mun gaisa ya ja ni gefe.

"Malam, yayanka ya ce in hwaɗa maka iyalinka ba ta da lahiya. Ƙahwahunta sun kumbura, ko rijiya ba ta iya kaiwa. Shina son kai ta asibiti Birnin Kebbi, ita ko ta ce ba ta hita ɗakinta sai da izninka. Mi za ni ce mishi?"

Na san Rabi. In ta ce sai da iznina, ko a kan jaki aka ɗaure ta sai ta sauko. Na shiga zaure na yagi takarda, na rubuta amsa da manyan haruffa rarrabe, yadda yarinya za ta gani sarai. Na ce na yarda, a kai ta asibiti gobe-gobe, kada a jira ni. Na naɗe, na liƙe da ƙaro, na ce ya ba Yaya, Kulu za ta karanta musu. Gado ya juya takardar a hannunsa.

"Malam, ai kalma guda ta, i ko a'a. Hwaɗa min da baki mana."

Na ce masa akwai mai karatu a gidana. Ban so zancen ɗakina ya zagaya kasuwanni uku kafin ya isa gida, wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Da na so, da na rubuta da ajami, liman ya karanta. Abin da nake hange shi ne zauren Yaya cike da maza, a kira 'yata, ta buɗe takarda ta karanta a gabansu, labari ya kai kunnen waɗanda suka ce in je in huta. Da Gado ya tafi har wani daɗi na ji.

Bayan kamar mako uku, wata safiya muna tsakiyar rerawa, sai ga Baba Woru ya dogaro sandarsa ya tsaya a ƙofar zaure. Yana jin Hausa irin ta kasuwa. Ya ce ya daɗe yana sauraronmu, yana so in ara masa yaron da ya fi kowa. Na tura masa Inuwa, ɗan wani fatake, ina murmushi. Tsohon ya buɗe littafin a shafin da aka zana gora, ya rufe hoton da tafin hannunsa, ya nuna kalmar ƙarshe a layi na uku. Inuwa ya ɗaga kai sama, ya faro daga farkon shafi cikin murya ƙasa-ƙasa, sai da ya biyo ya iso wurin sannan ya faɗe ta. Baba Woru ya ce madalla. Sai ya sunkuya da ƙyar, ya rubuta goro a ƙasa da bakin sandarsa. Yaron da ya tashi a cikin huhunan goro ya duba ya ce gora. Tsohon ya share, ya rubuta rogo. Inuwa ya dubi ƙasa, ya dube ni.

Na ce ai ba mu kai nan ba. Baba Woru bai yi musu ba. Ya ƙwala wa wata 'yar yarinya kira daga rumfarsa, wadda ba ta jin ko zo na Hausa, watanta uku kacal a hannunsa. Ta durƙusa, ta ɗora yatsa a kan harafin farko, ta fitar da sautinsa, ta matsa gaba, ta haɗa biyu, ta sake haɗa biyu, ta ce rogo. Sannan ta tambaye shi da yarensu mene ne rogo.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na gaya masa maganar da ba a gaya wa sa'an uba. Ya saurare ni har na gama.

"Ɗana, yaranka ba su da laifi, kansu yana ja. Littafin ne suka haddace. Ka kira su ɗaya-ɗaya, ka ba su kalmar da ba su taɓa gani ba, sai ka zo mu yi magana."

Na sallami yaran, na ce su dawo da la'asar. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, a bayan zaure inda ba mai jin na wani. Cikin sha huɗun nan ba wanda ya karanta. A lokacin Kulu ta faɗo mini a rai. Na ture tunanin, na ce ita daban ce, shekara uku tana hannuna, waɗannan kuwa jiya-jiya suka fara.

Washegari na je rumfar tsohon na zauna a kan tabarmar yara. Bai tuna mini rashin kunyata ba, sai ma ya sa aka kawo mini koko. Abin da ya nuna mini ba wani abu ne mai wuya ba, shi ya sa ma ya fi ciwo. Ya ce in bar sunayen haruffa tukuna, in koya wa yaro abin da harafi ke faɗa a baki. Ya tambaye ni, in na ce bi na ce e, ta yaya yaro zai haɗa su ya sami sautin "ba"? Haruffa huɗu ko biyar yake farawa da su, kuma tun ranar farko yaro zai fara haɗa su ya fitar da kalma da kansa. Ba ya ƙara sabo sai na hannu sun zauna. Kafin ma a taɓa rubutu, yakan faɗi kalma ya sa yaro ya tsinka ta da kunne, ya faɗi abin da ya ji a farko da abin da ya ji a ƙarshe. Yana da wani tsohon littafi da yake rubuta inda kowane yaro ya yi tuntuɓe, gobe daga nan za a tashi.

Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya yi dariya ya ce shi ma ya yi shekaru yana cika unguwa da rerawa, ana yaba masa. Wata shekara ya raba ajinsa biyu, rabi ya bi da su ta hadda, rabi ta sauti, a ƙarshe ya gwada kowa shi kaɗai da kalmomin da ba sa cikin littafi. Ya ce bai yarda da abin da ya gani ba sai da ya maimaita, ya sake maimaitawa, don malami yana saurin ganin abin da yake so ya gani. Ina jin sa sai na tuna malaminmu na allo. Shi ma bai taɓa barin yaro ya shiga sura ba sai ya bi da shi ta babbaƙu, ya san baƙaƙe ɗaya-ɗaya, sannan farfaru, ya iya ɗora musu wasali. Da wannan hanyar aka koyar da ni tun ina ƙarami. Da aka miƙo mini littafin boko aka ce in ƙare shi kafin mai duba makarantu ya zo, sai na tsallake duk wannan, na shiga da yara tsakiyar shafi.

Wata guda na yi ina zuwa rumfar nan da safe, da yamma in gwada a kan yarana. Zaurena ya yi tsit, har wani uba ya zo ya tambaya ko na daina koyarwa ne. A cikin watan nan ne Dahome ta sami mulkin kanta. Aka yi kiɗa, aka yi sukuwa, aka sauke tuta aka ɗaga wata. Na tsaya a gindin mangwaro ina kallo kamar bikin gidan da ban san kowa ba. Nakan ce wa kaina rafuka sun cika, hanya ba ta biyuwa, kuma da wani abu ya faru da an aiko. Yau da na tsufa zan iya faɗar gaskiya: tsoro ne ya zaunar da ni. Muddin ina Kandi, Rabi tana asibiti ana ba ta magani.

Abin da ya tashe ni Inuwa ne. Wata rana na rubuta masa kalmar da na tabbata bai taɓa gani ba. Ya bi ta a hankali, yana gumi, ya haɗa, ya faɗe ta, sannan ya tsaya da baki buɗe, don ya ji abin da bakinsa ya faɗa kuma ya gane shi. Na dubi fuskarsa. Na bi shekara uku na Kulu a raina rana-rana, ban taɓa ganin wannan a fuskarta ba. Ita kullum da sauri take zubawa, idonta na kan fuskata.

Da safe na je na yi wa Baba Woru sallama, na gaya masa zancen wasiƙar. Bai ce mini komai zai yi daidai ba. Ya ce in turo masa yarana zai riƙe su, ya ba ni tsohuwar rigar ruwansa, ya ce in bi ta kan tudu.

Kwana tara na yi a hanya, yawanci a ƙasa. Wani rafi na ƙetare shi da kayana a ka, ruwa har wuya. A bakin iyaka wani jandarma ya tsare ni yini guda don ba ni da takardar da shi kansa bai san sunanta ba, da ya gaji da ni ya kore ni. A wata ruga aka shanya mini tufafi a bakin murhu, aka ba ni dafaffen wake. Ina ci, ina tafiya, ina salla, duk kamar wani ne ke yi ina kallonsa. Na ƙetare Kwara a kwalekwale na shiga Bagudo ran kasuwa. 'Yan makaranta na ta koyon maci a fili, don namu mulkin kan ya kusa. Wani mai gishiri da na sani ya hango ni, ya taso da sauri ya kama hannuna biyu, ya ce, "Malam, ya anka ji da haƙuri?" Na amsa masa yadda ake amsawa. A haka na ji.

Kwana goma sha ɗaya ke nan da binne Rabi. Yaya ya ba ni labari a zaure, ba tare da ya dube ni ba. Ya ce ranar da Gado ya kawo takardar maza sun taru, aka kira Kulu, ta buɗe, ta ɗora yatsa ta karanta tiryan-tiryan, kowa na sa albarka. Ta ce ina gaisuwa mai yawa, ina lafiya, a gai da mutanen gida, ina nan tafe. Na san kalmomin nan. Akwai misalin wasiƙa a shafin ƙarshe na littafinmu, da haka ta fara. Ina nan tafe ɗin ne kawai ba ya ciki, wannan nata ne. Yaya ya ce da suka ji haka sai suka ce to a jira mijinta, aka ci gaba da jiƙe-jiƙe. Sannan ya juyo.

"Kai ko mi ya riƙe ka, ga ka ce kana nan tahe?"

Na ce ruwa ne ya tare hanya. Ya yi tsaki ya tashi, kuma ya shekara bai yi mini magana mai tsawo ba. Na bar shi a haka.

Kulu ta rame, ta daina wasa. Sau ɗaya na tambaye ta ina takardar, ta ce ta ɓata. Na san takardar na cikin kwallar uwarta, ƙarƙashin zannuwa, don na ga yadda take zagaya wurin. Sau biyu na shiga ɗakin ba ta nan, da niyyar in ɗauke in jefa a murhu, na fito hannu banza. Da aka gama girbi sai ta same ni ina gyaran rumbu, ta tsaya kanta a ƙasa, ta ce in koya mata karatu. Ba ta ce in ƙara mata ba. Ashe ta daɗe da sanin abin da ni ubanta sai da na je wata ƙasa aka nuna mini.

Muka fara a tsakar gida, da tsinke a ƙasa, haruffa biyar. Na koyar da ita yadda Baba Woru ya koya mini, ban rage komai ba, don ban iya kuma koyar da ƙarya. Amma na riƙa jan ƙafa. In ta iya darasi sai in ce mu sake shi gobe, in ƙirƙiro aiki a gona ko ciwon kai. Na san inda kowane sabon harafi ke kai ta. Ita kuwa ba ta jira na. Sai in tarar ta zana kalmomi a bayan ɗaki tana tsinka su ita kaɗai. Yaran maƙwabta suka fara leƙowa, aka zama shida, aka zama goma, kuma daga tsakar gidan nan ne na koma malami, na shekara talatin da wani abu ina yi. Ban taɓa yarda yaro ya iya karatu ba sai na gwada shi shi kaɗai.

Wata rana bayan azahar, da rani ya yi nisa, ina zaune a inuwar rumbu ina tufka igiya, ta fito daga ɗakin uwarta da takardar. Ta yi laushi don naɗewa da buɗewa. Ta zauna a gabana ta shimfiɗa ta a gwiwa. Na yi niyyar in ce ta bari, ko in fara da jawabin da na yi watanni ina shiryawa, cewa laifin nawa ne tun daga tushe. Kafin in buɗe baki ta ɗora yatsa. Ta bi gaisuwar a hankali, tana tsayawa, tana komawa baya. Ta wuce na yarda. Ta daɗe a kan asibiti, ta haɗa shi gaɓa-gaɓa har ya fito. Sannan ta iso layin ƙarshe, ta ce ka, da, kada, a, ji, ra, jira, ni.

Ba ta yi kuka ba. Ta bar yatsanta a wurin, ta ɗago ta dube ni.

"Baba, na karanta daidai?"

Babu kowa a gidan sai mu biyu, kuma da na ce mata ta yi kuskure, a ranar dai da ta yarda. Na karɓi takardar na duba, kamar ba ni na rubuta ba. Na mayar mata, na ce daidai ne, ko harafi ɗaya ba ta ɓata ba.